Ina ake samo minti goman da likita ya ce in zauna in yi numfashi?

Direban_Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kada a mayar da ita wasa. Ciwon kai ne ya matsa min, na je mustausaf, wato ƙaramin asibiti a nan Saudiyya, aka auna jinina aka ce ya hau. Likita ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri, sannan ya ƙara da abin da ya ɗaure min kai: wai kullum in samu minti goma in zauna shiru, in ajiye waya, in riƙa jan numfashi a hankali ina saki a hankali. Ni aikina kai odar abinci ne a mota, kuma da oda ake biyana, ba albashin wata ba. Kafin Azahar nake fita, ba na dawowa sai dare ya raba. Da safe ga kai yara makaranta, ga cefane. Masu aiki irin namu, a ina kuke samo lokacin nan? Sannan abin yana da amfani kuwa, ko dai maganar masu ƙoshi ce?

Bakano_Batha:
Wa alaikumus salam. Yanzu numfashin ma sai an koya mana? Ni tun ranar da aka haife ni nake yi, ban taɓa fashi ba.

Ummu_Walid:
Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa. Ko me za ka yi dai, kada ka yi wasa da maganin.

Nas_Riyad:
Sannu, Allah ya sawwaƙe. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma likitanka bai faɗi shirme ba. Babban mutum idan yana zaune lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da zarar rai ya ɓaci ko hankali ya tashi, sai numfashin ya gajarce ya tsaya a ƙirji, zuciya ta hau gudu. Abin da ake so shi ne ka saukar da shi zuwa wajen sau 6 a minti: ka ja ta hanci kana ƙirga 4, ka saki kana ƙirga 6. Sakin ne mai aikin. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, ana ce mata bagus, ita ce ke rage wa zuciya gudu, kuma ta fi yin tasiri lokacin da kake fitar da iska. Ka ɗora hannu a kan cibiya. Idan cikin ne ke tasowa, kana kan hanya. Idan kafaɗu ne ke hawa da sauka, to sake. Amma ka ji da kyau: abin da yake ragewa a hawan jini kaɗan ne. Ba zai tsaya a madadin ƙwayar da aka ba ka ba. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da burodi.

Direban_Jidda:
Na gode Anti, bayani ya fito. Sai dai har yanzu ba a nuna min inda lokacin yake ba.

MaiBaƙala_Misfala:
Malam, lokacin yana hannunka, ba ka ƙirga shi ba ne. Minti nawa kake tsayawa a ƙofar gidan abinci kana jiran su haɗa oda? Kullum ina ganin direbobi a gaban shagona, kowa ya jingina da mota ya sunkuyar da kai a waya. Ba lallai ba ne goman ta zo a dunƙule. Uku nan, uku can, ai ta taru.

Direban_Jidda:
Wannan tsayuwar ce fa nake amsa saƙon mutanen gida. Idan ban ɗaga ba sai a ce ya je Saudiyya ya manta da mu.

Abu_Iƙama:
Ni dai bari in faɗi abin da kowa ke kauce wa. Mutumin nan ba rashin iya numfashi ne ya tayar masa da jini ba, lissafi ne. Tun watan Yulin 2017 da aka fara karɓar kuɗin iyali daga baƙi mazauna Saudiyya, riyal 100 a kan kowane mutum a wata, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mai mata ɗaya da yara uku, 1600 ke nan kowane wata kafin a saka loma a baki. Ga haya, wadda tun da aka rushe unguwannin Jidda irin su Hindawiyya da Karantina da Sabil ba ta sake saukowa ba. Ga gida Najeriya ana jiran aike. Sai kuma a ce masa zauna ka ja iska? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ja numfashi sau dubu, ranar sabunta iƙama, takardar zaman ƙasa, ba za ta matsa ko da kwana ɗaya ba.

Nas_Riyad:
Abu_Iƙama, ban musa maka ko ɗaya ba. Babu wanda ya ce numfashi zai biya haya. Amma idan jinin ya buge shi, ya shanye masa ɓarin jiki, wa zai tuƙa motar? Ina ganin irinsu a gadon asibiti, wasu ko arba'in ba su cika ba.

Ɗalibin_Madina:
Bismillah. Kafin a yi nisa, akwai abin da ya kamata a rarrabe, domin na san wasu na karantawa suna ɗari-ɗari. Daidaita numfashi don lafiya al'ada ce kamar tattaki ko rage gishiri, kuma asali a cikin al'adu halacci ne. Inda matsala take shi ne abin da ake haɗawa da shi a wasu bidiyoyi: maimaita kalmomin bautar mutanen Indiya, ko maganar wai kana haɗuwa da wani ƙarfi na sararin samaniya. Wannan a bar shi. Haka nan kada mutum ya ɗauki ƙirgar 4 da 6 ya mayar da ita ibada mai lada na musamman. Zama shiru don tunani kuwa, mu ne da shi. Annabi (SAW) ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin wahayi, Alƙur'ani cike yake da kira zuwa tafakkuri, kuma a Suratu Ra'ad aya ta 28 an ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Ko maganar fushi, an ruwaito cewa wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta.

Baƙadire_Taif:
Malam ya yi bayani, amma ya tsallake wani abu, ko da gangan ko da mantuwa. Haɗa numfashi da zikiri ba Turawa ne suka kawo mana ba. Duk wanda ya tashi a Kano kusa da Kabara ya san zikirin anfasu, tun zamanin Shehu Nasiru Kabara da ma gabaninsa. Ana ambaton Allah da fitar numfashi da shigarsa, jama'a a jere, bandiri na tafiya. Mutum ya fito daga wurin jikinsa sakayau. 'Yan'uwanmu Tijjanawa su ma suna da lazimi safe da yamma, ɗan kasuwa da lebura kowa yana samun lokacinsa. Yanzu da likita ya faɗa sai ya zama ilimi, da shehunai suka faɗa aka ce bidi'a.

Ɗalibin_Madina:
Akhi, sauƙin jiki ba shi ne hujjar ingancin ibada ba. Wanda ya yi iyo a teku ma yana fitowa sakayau. Ibada dalili take nema.

Baƙadire_Taif:
To kawo dalilin da ya hana a ce Allah da numfashi.

Admin_Zaure:
Malamai, a yi haƙuri a tsaya nan. Wannan muhawarar ta girme mu duka, kuma ba yau za a kashe ta ba. Bawan Allah ya zo da hawan jini yana tambayar lokaci. Duk wanda ya sake jawo zancen ɗarika da Izala zan goge.

Dattijon_Mansur:
Yarana, ku bari tsoho ya sa baki. Ni a Makka aka haife ni, a unguwar Shara Mansur, iyayena ta Sudan suka biyo da ƙafa. Abin da nake gani da idona shi ne, ba minti goma kuka rasa ba, sallar ce kuka tsuke. Sau biyar a rana Allah ya tsayar da ku, amma ku shiga masallaci ku kalli matasa masu rigar kamfanin kai abinci: ruku'u da sujada kamar kaza na caccakar tsaba, liman na sallama waya na hannu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙofa. Kun san hadisin mutumin da ya yi salla a gaban Manzon Allah aka ce masa ya koma ya sake domin bai yi salla ba, har sau uku. Me aka koya masa? Ya yi ruku'u har ya natsu, ya ɗago har ya daidaita, ya yi sujada har ya natsu. A da, da an kira salla shaguna rufewa suke, ko ka so ko ka ƙi sai ka zauna ka jira, a nan mutane ke hutawa ba su sani ba. Daga 2021 aka sassauta, kasuwa ta daina tsayawa, mutane ma suka daina. Ɗana Direba, shawarata: bayan sallama kada ka miƙe. Zauna a inda kake ka yi tasbihinka 33, 33, 33 ba tare da gaggawa ba, ka bar numfashin ya fita a hankali yadda 'yar nan ta asibiti ta ce. Minti biyu sau biyar nawa ke nan? Ka ƙirga da kanka.

Direban_Jidda:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar takalmi ɗaya a ƙafa kamar ni ka gani. Sai dai in ka tsaya oda ta wuce ka, a ba wani.

Dattijon_Mansur:
Ta wuce. Wadda aka rubuta maka ba za ta je hannun wani ba.

Abu_Iƙama:
Baba, da girmanka, manhajar odar ba ta san wannan ba. Idan ka cika ƙin karɓa, rage turo maka take yi.

Ummu_Walid:
Tunda maza kun gama lissafinku, bari mu ma mu faɗi namu. Ku kuna da mota, ku rufe gilashi ku kaɗai. Mace mai yara a ɗaki biyu fa? Da na rufe ido sai in ji ƙaramin ya hau bayana yana cewa Umma doki. Ni inda na samu nawa shi ne lokacin kwanciya. Kun tuna Nana Faɗima ta je neman mai taya ta aiki saboda dutsen niƙa ya ci mata hannu, mahaifinta (SAW) ya ce ya nuna musu abin da ya fi mai aiki alheri: idan sun zo kwanciya su yi Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Yana cikin Bukhari da Muslim. A da da gudu nake yi in gama. Yanzu nakan ja numfashi, in saki a hankali ina faɗin kalma biyu ko uku a cikin sakin. Galibi ban kai ƙarshen takbiri ba barci ya ɗauke ni. Wayar kuma a kicin take kwana, wannan ma rabin maganin ne.

'YarAikatau_Dammam:
Hajiya ke ma kin ji daɗi, gidanki ne. Ni aikatau nake yi, ba na kwanciya sai mutanen gidan sun gama hirar dare, kuma ni ce farkon tashi. Lokacin guga kawai nake samu ba mai kirana. A nan nake yin salatin Annabi a hankali, hannu na tafiya baki na tafiya. Ban san ko shi ne abin da likita ke nufi ba, amma idan na fito daga ɗakin gugar raina ya fi sanyi.

Nas_Riyad:
Shi ne, ƙanwata. Ba dole sai an tankwashe ƙafa an rufe ido ba. Allah ya ba ki mafita.

Injiniya_Zahran:
Bari in ƙara wani abu ga mai son sanin ko an gwada. A 2001 wasu likitoci ƙarƙashin Luciano Bernardi na Italiya sun auna mutane suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, da kuma wasu kalmomin masu yoga, suka ga dukansu biyu suna saukar da numfashi zuwa wajen sau 6 a minti ba tare da mutum ya yi niyya ba. Ba a kan Musulmi aka yi ba, kada wani ya ce na ce an gwada tasbihi. Amma dalilin a fili yake: duk maganar da kake maimaitawa a hankali tana tilasta maka tsawaita sakin iska. Sannan a farkon 2023 masu bincike a Jami'ar Sitanfod ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin minti 5 kacal a rana na tsawon wata ɗaya. Wanda ya fi gyara wa mutane yanayin rai shi ne irin ajiyar zuciya: ka ja ta hanci, ka ƙara ja kaɗan a kai har huhu ya cika, sannan ka saki dogo ta baki. Irin wadda yaro ke yi bayan ya sha kuka. Don haka idan goma ta gagara, biyar ma ba banza ba ce. Shirin koyar da zama shiru don rage damuwa da Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Masachuset a 1979 shi ne mai nauyi, mako 8, kusan minti 45 kullum. Wannan kam na yarda da Abu_Iƙama, ba na direban oda ba ne.

Abu_Iƙama:
Alhamdulillah, yau injiniya ya yarda da ni a kan abu ɗaya.

ƊanMaiWurno:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni Bahaushen Sudan ne, asalinmu Mai Wurno a jihar Sinnar, amma a Umdurman nake zaune har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Ta Bur Sudan na fito na iso Jidda. Kafin yaƙi, duk Juma'a da yamma nakan je filin Hamad al-Nil in tsaya a gefen da'ira ana zikiri ana buga gangar nuba har Magariba, in dawo gida zuciyata wasai. Admin kada ka goge, ba muhawara na zo yi ba. Abin da nake son faɗa shi ne, zama shirun nan ba kowa yake yi wa daɗi ba. Wani abokina ya nuna min, na zauna na rufe ido. Ban yi minti biyu ba sai ƙarar jirage da harbi suka dawo min kunne, gumi ya karyo, ƙirjina ya riƙe, na ɗauka mutuwa ce. Tun daga nan tsoron shiru nake ji. Gara in bar rediyo a kunne.

Ummu_Walid:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da ku gida lafiya.

Nas_Riyad:
Yaya, sannu. Abin da ya same ka sananne ne ga wanda ya ga tashin hankali, ba rauni ba ne kuma ba rashin imani ba ne. Kai kada ka rufe ido, kada ka zauna kai kaɗai a ɗaki shiru. Ka fita ka taka, ko bakin teku a Kornish bayan Isha, ido a buɗe, kana ƙirga taku: taku 3 ja, taku 5 saki. Idan abin ya taso, ka kalli abubuwan da ke gabanka kana kiran sunansu a zuci, ka taka ƙasa da ƙarfi ka ji ta. Amma wannan taimakon gaggawa ne kawai, kana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba hauka ake nufi ba. Ka kira 937 na Ma'aikatar Lafiya su ba ka shawarar inda za ka fara. Idan ƙirji ya riƙe da ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ba zancen numfashi ba ne, 997 za a kira, lambar motar asibiti.

ƊanMaiWurno:
Na gode 'yar'uwa. Tafiyar zan iya.

Gaye_Azizia:
Ni fa wanda na gani a TikTok daban ne. Za ka yi ta ja da sauri sau 30 sannan ka riƙe. Na gwada, kaina ya juya, yatsuna suka yi tsami. Ance alamar yana aiki ke nan.

Nas_Riyad:
Alamar ka fitar da iskar kabon fiye da ƙima ke nan, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suka tsuke. Yana iya sumar da mutum. Direba, kai musamman: kada ka kuskura ka yi irin wannan a kan sitiyari, ko a ruwa. Mai hawan jini, mai ciki, mai farfaɗiya, duk su bar shi sai da izinin likita.

Bakano_Batha:
Gaye ya je neman natsuwa ya dawo da jiri. Amma tsakani da Allah, wa ya tambayi Direba gwangwanin lemon ƙarfi nawa yake sha a dare? Ban taɓa shiga motar mai oda ban ga fanko a ƙarƙashin kujera ba.

Direban_Jidda:
Ina sha, tare da shahi. In ba haka ba barci zai ɗauke ni a Titin Haramain.

Injiniya_Zahran:
To ga wani ɓarawon. Sinadarin kafeyin yakan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ka sha ƙarfe goma na dare yana nan lokacin da kake neman barci, kuma shi kansa yana ɗaga jini na ɗan lokaci. Ka faɗa wa likitan kana sha.

MaiBaƙala_Misfala:
Ni nake sayar da shi, amma ba zan ce ƙarya injiniya ya yi ba. Wani abu kuma: dokar ƙwadago ta ce ma'aikaci ba zai wuce awa 5 a jere ba sai an ba shi aƙalla rabin awa na hutu da salla da abinci. Masu dawam, wato masu ƙayyadadden lokacin aiki, su nemi haƙƙinsu. Masu oda kuwa ba mai ba ku, sai dai ku ba kanku. Tsakanin La'asar da Magariba ai kasuwar abinci kan lafa.

Direban_Jidda:
Na dawo da labari. Na bi maganar Baba da ta mai shago. Bayan La'asar na kashe karɓar oda, na zauna a sahu na yi tasbihi, sannan na koma mota na ɗora hannu a ciki ina 4 da 6. Gaskiya hankalin bai tsaya ba, ina ƙirga ina lissafin kuɗin taya. Kafaɗuna dai sun sauka, wannan na ji shi. Na dare kuma ya gagara, ina shiga gida na faɗi ko takalmi ban cire ba.

Injiniya_Zahran:
Hankali ba ya tsayawa ga kowa. Ya tafi ka dawo da shi, ya sake tafiya ka sake dawowa, aikin ke nan.

Abu_Iƙama:
Nawa ka rasa a minti goman?

Direban_Jidda:
Oda ɗaya, ina jin.

Abu_Iƙama:
To ka ninka ta sau 30 ka zo mu yi magana a ƙarshen wata.

Dattijon_Mansur:
Ka ninka kuɗin kwana ɗaya a asibiti ma.

Maman_Tagwaye:
Ku yi haƙuri na zo a makare. Anti Nas, ni asma gare ni, kuma ƙurar nan ta Riyad tana tayar min da ita. Na hankalin nan na 4 da 6 zan iya yi, ko shi ma sai na tambayi likita? Kuma kafin shaƙa magani ake yi ko bayan?